Kyamara a Bakin Tsohon Mashigin Ruwa na Potomac

 Yau za mu yi nisan zango, har ƙasar Amurka, gefen birnin Washington, inda wani tsohon mashigin ruwa ya koma wurin shaƙatawa. Duk Asabar da Lahadi za ka tarar da mutane sun yi dafifi a can, wani da keke, wani da iyalinsa da kwandon abinci, kuma kusan kowa da abin ɗaukar hoto, ko babbar kyamara a wuya ko wayar salula a hannu. Zancenmu a kan hoton ne: me ya kamata mutum ya ɗauka a irin wannan wuri, da wane lokaci, kuma ta wace hanya.

Sunan wurin Chesapeake and Ohio, amma mutanen yankin C&O kawai suke cewa. Hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu, ta bi gefen kogin Potomac daga unguwar Georgetown a Washington har garin Cumberland a jihar Maryland, tsawon kilomita 297. Manoman Kura da Kadawa da suka san kanal ɗin da ke kawo musu ruwa daga Tiga za su gane siffarta nan take, sai dai wannan an yi ta ne domin jiragen dako, ba domin ban ruwa ba.

Sai mun san abin da aka yi a wurin kafin mu san inda za mu auna kyamara, don haka ku ba ni ɗan lokaci.

Kogin Potomac bai yarda da jirgi ba. Yana da duwatsu da gangare, musamman a wurin da ake kira Great Falls, inda ruwan ke sauka kimanin mita 23 cikin ɗan taƙaitaccen wuri. Tun 1785 George Washington ya jagoranci wani kamfani da ya yi ƙoƙarin kewaye waɗannan duwatsu da gajerun hanyoyi, amma abin bai biya buƙata ba. Daga baya aka yanke shawarar a haƙa hanya guda daban da kogin, a kai ta har kogin Ohio. Ranar 4 ga Yuli, 1828, shugaban ƙasa John Quincy Adams ya zo ya sari ƙasar farko. Shebur ɗinsa ya ci karo da saiwar itace, ya sake sara bai shiga ba, sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya dage, jama'a suka kaure da tafi. A wannan rana ɗaya, a can birnin Baltimore, wasu mutane na aza harsashin hanyar jirgin ƙasa da ita ma ta nufi yamma. Jirgin ƙasa ya isa Cumberland a 1842. Mashigin ruwa bai isa ba sai 1850, bayan shekara takwas, kuɗi sun ƙare, kuma a nan aka tsaya. Kogin Ohio da ke cikin sunansa bai taɓa ganinsa ba.

Duk da haka ya yi aiki. Jiragensa na katako ne, tsawon kimanin mita 27, kowanne na ɗaukar tan 120 ko kusa da haka na kwal daga tsaunukan yammacin Maryland zuwa Washington. Ba su da inji. Alfadarai ne ke jansu da doguwar igiya, suna tafiya a kan wata 'yar hanya da aka yi musu a gefen ruwan. Jirgi kan riƙe alfadarai huɗu, biyu na ja, biyu na hutawa a garken da ke goshin jirgin, a yi musanya bayan sa'a shida. Mai jirgi da matarsa da 'ya'yansa a cikin jirgin suke zaune, a ɗan ƙaramin ɗaki da ke ƙarshensa, kuma sau da yawa yara ne ke bin alfadarai a ƙasa, rana da ruwan sama. Tafiya ɗaya takan ci kusan mako guda. Kasuwar ta fi ci a shekarun 1870. Ambaliyar 1889 ta karya kamfanin mashigin, ta 1924 kuma ta rufe hanyar baki ɗaya.

To, malam mai sauraro, ga abin da nake so mu tsaya a kai. Mafi yawan masu zuwa Great Falls, da sun ajiye mota sai su miƙe kai tsaye zuwa tsibirin Olmsted, inda aka yi dandamalin kallon ruwa yana faɗowa. Su ɗauki hoto ashirin, su juya. A hanyarsu ta zuwa da dawowa sun wuce ginin dutse da mutane suka sassaƙa da guduma da kurfi kusan shekara 200 da suka wuce, ba su ko waiwaya ba. Gangaren ruwa yana da kyau, ikon Allah ne, kuma ban hana kowa ɗaukarsa ba. Amma hoton gangaren ruwa akwai shi a ko'ina a duniya. Abin da wurin nan ya keɓanta da shi shi ne aikin hannun mutane, kuma ni a ganina wanda ya dawo gida ba tare da wannan a kyamararsa ba, ya je bakin kogi ne kawai, mashigin bai gan shi ba.

Mu fara da safiyar Asabar. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar a sana'ar hoto. Daga Georgetown zuwa Great Falls kimanin kilomita 23 ne, saboda haka wanda ke zaune a Washington ko kewayenta, kamar 'yan uwanmu da ke aiki ko karatu a can, zai iya yin sallar asuba ya kama hanya ya isa rana na fitowa. Akwai dalili uku. Hasken sassafe yana zuwa ne a kaikaice, yana shafar dutse daga gefe, sai kowane tabo da kowace tsaga su fito da inuwarsu. Da rana ta take tsaka, hasken daga sama yake dukan komai, dutsen sai ya zama fari fat babu fasali. Na biyu, iska ba ta tashi ba tukuna, ruwan mashigin yana kwance lumui, bishiyoyi da gini suna bayyana a cikinsa a juye. Na uku, masu keke da masu gudu ba su cika hanya ba. A watan Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa, dare kan yi sanyi alhali ruwan na da sauran ɗumi, sai wani farin tururi ya riƙa tashi daga samansa. Da rana ta ɗan ɗaga ya watse. Wanda ya tsaya karin kumallo ba zai same shi ba.

Abu na farko da za ka tarar shi ne wani farin gini mai bene a bakin ruwa, wanda aka fara a 1828 a matsayin gidan mai gadin ƙofar ruwa, daga baya aka faɗaɗa shi ya zama masaukin matafiya. Yanzu nan ne ofishin karɓar baƙi. Farin bango yana ruɗin kyamara. Idan bishiyoyin da ke kewaye da shi suna da duhu, kyamara za ta ƙara haske domin su, bangon kuwa ya ƙone, tagogi da layin bulo su ɓace. Mai waya sai ya taɓa bangon a kan allo, ya ja hasken ƙasa kaɗan har sai ya ga jikin ginin ya dawo. Inuwa da ta yi duhu ana iya gyara ta daga baya, amma farin da ya ƙone babu abin da za a ciro daga cikinsa.

A gaban ginin nan ne ƙofar ruwa ta 20 take, kuma a nan nake so mu daɗe. Daga Georgetown zuwa Cumberland ƙasa na hawa kimanin mita 184, jirgi kuwa ba ya hawa tudu. Dabarar da aka yi ita ce a gina wasu dogayen ɗakuna na dutse a cikin hanyar, guda 74, kowanne da ƙofofin katako a gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar da ke bayansa, a buɗe wasu ƙananan kafofi a jikin ƙofar gaba, ruwa ya kwararo ya cika ɗakin, jirgin ya ɗagu da kimanin mita biyu da rabi, sannan a buɗe masa ya wuce. Faɗin ɗakin bai kai mita biyar ba, jirgin kuwa ya kusa cika shi, abin da ke tsakaninsa da bango bai fi tafin hannu ba. Mai gadin ƙofa da iyalinsa suna nan dare da rana. Ko tsakar dare ya ji ƙahon mai jirgi, dole ya fito da fitila. Ladansa gida, da ɗan fili na shuka kayan miya, da dala 150 a shekara.

Yaya za a sa duk wannan a hoto? Tsayawa daga nesa a ɗauki ɗakin gaba ɗaya yana da amfani, a yi shi sau ɗaya domin a san wurin. Daga nan sai a matso. A durƙusa a ƙarshen doguwar gungumen da ake turawa a buɗe ƙofa, a bar shi ya ja ido daga kusurwar hoto zuwa tsakiya. A dubi ƙarfen da ya riƙe ƙofar a jikin dutse. A dubi duwatsun kansu. Da yawa daga cikin na wannan yanki ja ne, an fasa su a mahaƙar Seneca da ke gaba kaɗan, irin dutsen da aka gina tsohon ginin Smithsonian na Washington da shi. A wasu wurare a tsawon mashigin, mai haƙuri zai ga 'yar alama da magini ya sassaƙa a dutsen da ya gyara. Sannan akwai abin da ya fi komai taɓa ni, wato gurbin igiya. Igiyar da alfadarai ke jan jirgi da ita takan jiƙe ta kwashi yashi, tana goga wuri ɗaya shekara da shekaru, har ta ci dutse da ƙarfe da katako ta bar kwari mai santsi. Ka sa yatsa a ciki ka ji. Kowane kwari tafiyar dubban jirage ce, da ƙafafun yaran da suka bi alfadarai. Irin wannan gurbi ba ya fitowa a hoto sai haske ya zo masa daga gefe, kuma sai an matso sosai. Idan da abokin tafiya, ya ɗora hannunsa kusa da wurin domin mai kallo ya gane girmansa.

Su wa suka yi aikin? Galibi baƙi ne daga Ayalan da Jamus da Ingila, waɗanda aka kwaso da alkawarin albashi, tare da bayi baƙar fata da aka yi hayarsu daga hannun iyayengijinsu. Zazzaɓi na kama su duk lokacin zafi, kuma a 1832 annobar kwalara ta bi sansanoninsu ta kashe da yawa. Bayan gwamnatin Amurka ta sayi mashigin a 1938, matasa baƙar fata na rundunar aikin gayya da gwamnati ta kafa lokacin karayar tattalin arziki su ne suka gyara kilomita 35 na farko, har ruwa ya sake gudana a ciki. Sunayen mafi yawansu ba sa jikin kowane allo. Dutsen da suka jera ne ya rage, shi ya sa nake ganin ya cancanci a durƙusa masa da kyamara.

Idan an gama da ƙofofi, akwai su shida a jere a wannan ɗan tsakani, sai a tafi kallon gangaren ruwan. Shawara a nan gajeriya ce. Mai son ganin ƙarfin ruwa, kowane feshi a tsaye, ya sa ƙiftawar kyamara ta yi sauri, kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Mai son ruwan ya zama kamar farin zare ya bar ta a buɗe rabin daƙiƙa, amma sai da mazauni mai ƙafa uku, in ba haka ba duwatsun ma za su yi rawa. Ni na fi son na farko, domin ruwan Great Falls ba mai laushi ba ne, kuma saboda haukarsa aka haƙa mashigin tun asali. Hoton da ya mai da shi lallausa ya ɓoye dalilin.

A nan dole in yi gargaɗi, kuma da gaske nake. Doka ta hana shiga kogin a wannan yanki, ko da tsoma ƙafa ne. Samansa kan yi kamar a natse, ƙarƙashinsa kuwa yana ja, kuma mutane sun sha rasa rayukansu a nan. Kada neman kusurwa mai kyau ya sa ka tsallake shinge ko ka taka jiƙaƙƙen dutse. Iyaye a riƙe hannun yara. Haka kuma an hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto a wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayyar Amurka, wannan ma yana ciki.

Da la'asar, mai mota zai iya ƙarasawa gaba zuwa inda kogin Monocacy ke shiga Potomac, kimanin kilomita 68 daga Georgetown. A nan mashigin ya ci karo da kogi a gabansa, sai aka gina masa gada, ruwa ya bi ta saman ruwa, jirgi da alfadarai su tsallaka a kai. Irin waɗannan gadoji 11 ne a hanyar, wannan ce mafi tsawo, mita 157, da bakuna bakwai na farin dutse, an gama ta a 1833. Lokacin yaƙin basasar Amurka, a 1862, sojojin Kudu sun zo da niyyar fasa ta, dutsen ya gagare su. Yanzu babu ruwa a cikinta, ana tafiya a ƙasa inda jirgi ke bi a da. Kuskuren da aka saba yi shi ne a tsaya a kanta a ɗauki hoto, alhali daga sama ba a ganin bakunan. A gangara bakin kogi, a yi ƙasa da kyamara kusa da ruwa, a jira rana ta yi sanyi. Idan kogin ya natsu, kowane baka zai haɗu da inuwarsa ya zama da'ira. A kula da miƙewar hoto, domin gada da ta karkata ko kaɗan ido na ganewa. A kuma jira wani ya zo tsallakawa. Mutum ɗaya a saman gadar ya isa ya nuna girman duwatsun. Wanda ke nesa, ba a gane fuskarsa, babu damuwa. Amma idan za ka matsa kusa da mutum, ballantana yaron wani, nemi izini tukuna. Ladabi ne a can kamar yadda yake a nan.

Ranar Lahadi, wanda ke da ƙarfin tafiya sai ya nufi Paw Paw, can wajen kilomita 250 daga farkon hanyar. Kogin a wannan wuri yana ta lanƙwasa kusan kilomita goma, injiniyoyi suka ga gara su huda dutsen su wuce. Sun ƙiyasta shekara biyu. An fara a 1836, ba a buɗe ba sai 1850. Da baruti da diga da shebur aka yi, aka lulluɓe cikin da bulo kusan miliyan shida, tsawonsa mita 950. Jirgi ɗaya kawai ke iya bi a lokaci guda. Ciki duhu ne ƙirin, ruwa na ɗiga daga sama, ƙasa na da ramuka, saboda haka tocila wajibi ce, kuma a duba sanarwar hukumar wurin kafin a taso, domin akan rufe wani sashe idan ana gyara.

Filashin kyamara ba shi da amfani a nan, zai haska mita biyu ne na gabanka ya bar sauran baƙi. Abin da ke aiki shi ne a kafa kyamara a mazauninta, a bar ta a buɗe daƙiƙa goma ko ashirin, a riƙa shafa hasken tocila a jikin bulo a hankali. Mai waya ya kunna tsarin dare, ya jingina ta da wani abu, ya riƙe numfashi. Daga tsakiya za ka hangi bakin ramin can nesa, ɗan ɗigon haske, kuma idan wani ya gifta ta gabansa siffarsa za ta fito baƙa, ta yi kyau ƙwarai. Kafin ka fita, haska katakon da aka yi shinge da shi a gefen hanyar alfadarai. A wasu sassansa tsohon katako ne, kuma gurbin igiya na nan a jikinsa.

Wani zai tambaya, yaya aka yi duk wannan ya tsira har yau? Saura ƙiris ya tafi. Bayan yaƙin duniya na biyu an kawo shawarar a shimfiɗa titin mota a kan mashigin, kuma a farkon 1954 jaridar Washington Post ta goyi baya. Wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, William O. Douglas, ya rubuta wa editocin cewa su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi kafin su yanke hukunci. Suka amsa. A watan Maris na shekarar aka tashi daga kusa da Cumberland, aka yi kwana takwas ana tafiya, mutum tara ne kawai suka kammala, alƙalin na cikinsu. Jaridar ta sauya ra'ayi. Ba a nan gardamar ta ƙare ba, sai a 1971 aka sa hannu a dokar da ta mai da wurin gandun tarihi na ƙasa. Alƙalin nan bai kawo musu wata doguwar hujja ba, cewa ya yi su zo su gani, gani kuwa ya kori ji. Hoto mai kyau ɗan guntun wannan aiki yake yi, yana kai wurin gaban wanda bai je ba.

Shi ya sa nake roƙon a yi gaskiya wajen gyaran hoto. Wayoyin yanzu na da maɓallan da ke mai da sama shuɗi fiye da kima, ganye kore shar kamar an yi masa fenti. Mafi yawan mashigin nan a bushe yake, bishiyoyi sun tsiro a tsakiyarsa, inda ruwa ya rage kuma sau da yawa gansakuka ta rufe shi, kunkuru na shan hantsi a kan gungume, zalɓe na tsaye yana jiran kifi. A bar shi haka. Bishiyar da ta girma a inda jirgi ke wucewa tana faɗin shekarun da suka shuɗe tun 1924 fiye da kowane bayani.

Abu na ƙarshe, a rubuta. Hanyar tana da alamar nisa a kowane mil, ƙofofin ruwa kuma kowacce da lambarta. Kafin ka bar wuri, ɗauki hoton alamar ko allon da ke kusa, domin bayan wata shida ƙofa ta 17 da ta 19 za su zame maka iri ɗaya. Idan ka dawo gida, zaɓi goma daga cikin ɗaruruwan da ka ɗauka, ka sa wa kowanne wuri da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa tsofaffin hotunan mashigin a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Ka nemo na wurin da ka tsaya, ka jera shi da naka, za ka ga wane dutse ya gusa, wane gida ya rushe, wace bishiya ce ba ta nan a da.